Camry Muscle na shan baƙin mai: a yi ringi kawai, ko a ƙara wa injin ƙarfi?

Tambaya: Ina da Camry ƙirar 2008, wadda ake kira Muscle, mai silinda huɗu. Tana shan baƙin mai sosai, kuma ba ta jan hanya kamar da. Bakanike ya ce a sauke inji a yi ringi. Tunda dai za a buɗe shi, ina so a ƙara masa ƙarfi. Wasu sun ce a shafe tof, wato kan inji, a cire indomi, wato matatar hayaƙi, a sa babbar salansa. Wasu kuma sun ce sai tabo, wato na'urar da ke tura wa inji iska da ƙarfi. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, ayyuka biyu ka haɗa, kuma gara a raba su tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Akwai dawo da ƙarfin da injin ya zubar da shi a hanya, akwai kuma ɗora masa wanda kamfani bai ba shi ba. Yawancin masu cewa mota ta yi sanyi, na farkon suke nema. Na biyun yana yiwuwa, amma shi ke yanke irin fistin da za ka saya da yawan tazarar da za a bari a ringi, don haka dole ka tsai da shawara kafin ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya.

Injin motarka sunansa 2AZ-FE. Girmansa cc 2,362, faɗin kowace silinda milimita 88.5, tafiyar fistin milimita 96. Matsinsa, wato ninki nawa fistin ke matse iska, 9.8 ne a irin taka, a Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 kuwa 9.6. Yana sabo, doki 158 yake bayarwa a Camry ta Amurka. Bulok ɗinsa na alminiyam ne, an zuba shi da siraran hannayen riga na ƙarfe a cikin silinda. Riƙe wannan, zai dawo mana.

Kafin a sauke inji a auna matsi. Inji da ɗumi, fulogi huɗu duk a waje, totur a buɗe har ƙasa, batir da caji. Lafiyayyen inji yana ba da kusan psi 190 zuwa 200 a ma'aunin matsi. Ƙasa da 142 zuwa 145 ya gaza, kuma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kamar 15. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In lamba ta haura sosai, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Sai dai akwai wani tarko a wannan injin: zai iya ba ka matsi mai kyau kuma yana shan mai kamar ruwa, domin ringin da ke riƙe matsi daban, ringin da ke share mai daga bangon silinda daban. Na ƙasan, mai share man, shi ne ciwon ƙirar 2007 zuwa 2009. Ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin ƙanana ne, dattin man da ya ƙone ya toshe su, ringin ya maƙale a gurbinsa, mai ya haye sama ya ƙone tare da fetur. Toyota da kanta ta amsa wannan matsala a Amurka, inda ta ɗauki shan kusan lita ɗaya a cikin mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, a matsayin abin da ya wuce ƙima, ta kuma fito da sabon fistin da aka gyara.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ringi kaɗai a kan tsohon fistin ba magani ba ne. Za ta daina hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ta koma gidan jiya. Ko dai a sayi fistin sabon fasali, ko kuwa in aljihu bai kai ba, a kankare gurbin ringi tas, a buɗe ramukan nan har haske ya ratsa. Na farkon ya fi. A kuma canza robobin bawul goma sha shida da ɗan bawul ɗin numfashi na PCV da ke kan murfin tof, domin su ma suna shayar da inji mai. Hayaƙi mai shuɗi da safe kawai, ya ɗauke bayan minti ɗaya, robobin bawul ne. Wanda ke fita in an taka, ringi ne.

In an zare fistin, aikin awo ya fara, kuma nan ne obahol ɗin gareji da yawa ke lalacewa, don ana auna silinda da farce. A kai bulok wurin masu gurandin da ke da ma'aunin cikin silinda, a auna sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. Silinda tana cinyewa ne ta sama, inda wuta take, kuma ta gefen da fistin ke jingina, sai ta koma kamar ƙwai. Sabon ringi zagayayye ne, ba zai zauna a ramin ƙwai ba. In tana cikin ƙa'ida, a goge ta da dutsen honin har zane ya fito a gicciye, kusan digiri 45, don mai ya sami wurin maƙalewa. In ta wuce ƙa'ida, ga inda hannun rigar nan ya shigo: Toyota ba ta yarda a faɗaɗa wannan bulok ba, kuma ba ta sayar da fistin mai ƙarin girma. Wasu kamfanoni suna yin mai ƙarin rabin milimita, ana kuma amfani da shi a injin da ba tabo. Amma ƙarin da za ka samu bai kai cc 30 ba, ba abin da ƙafarka za ta ji. Ga mai niyyar tabo, rage kaurin bangon silinda ganganci ne. Gara ya nemi wani bulok ɗan Beljiyam mai lafiya.

Bayan honin a wanke bulok da ruwan zafi da sabulu da burushi, ba da fetur ba. Fetur yana kwashe maiƙo ne ya bar garin dutse a cikin zanen, garin nan kuma shi ke cinye sabon ringi cikin 'yan makonni. A goga farin ƙyalle mai ɗan mai a bango; in ya fito da toka-toka, a sake wankewa.

Sai zaren notocin tof. Su goma ne, suna shiga cikin alminiyam kai tsaye, kuma wannan injin ya yi ƙaurin suna wajen zarewar zaren na baya, ta gefen manifol ɗin iska. Ya fi yawa a Big Daddy, amma duk injin da ya taɓa tafasa abin zargi ne. Alamarsa ruwa na zuba ta bayan inji, gasket na ƙonewa ana canzawa yana sake ƙonewa. In ana ɗaurewa aka ji noti ya yi laushi maimakon ya ƙara tauri, a tsaya. Maganinsa a huda ramin a dasa zaren ƙarfe, irin su Time-Sert mai girman M11 da zare 1.5. Kada ka yarda a cusa noti mai kauri da ƙarfin tsiya ko a shafa gam. Wanda zai sa tabo, a dasa masa duka goman tun yanzu.

Kiranshaf kuma, in ba ƙarce ba tabon zafi, a goge shi kawai, ba sai an yi gurandin ba. Metal na wannan injin, wato siraran ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a cikinsu, lamba-lamba ne. Akwai lambobi a jikin bulok da kiranshaf da murfin kwanrod, da su ake zaɓen wanda ya dace da kowane gurbi. A tabbatar da tazara da zaren awo na Plastigauge: a ɗora shi a kan kiranshaf busasshe, a ɗaure murfi daidai ƙa'ida, a kwance ba tare da an juya ba, a gwada faɗin da ya baje. A kwanrod ana son milimita 0.024 zuwa 0.048. Ta yi yawa, matsin mai ya faɗi in inji ya yi zafi, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa a silo. Ta yi kaɗan, metal ya kama. Ƙarfin ɗaurin notocin kwanrod Nm 25 ne sannan a ƙara kwata ɗin zagaye, digiri 90. Na tof a irin taka Nm 70 sannan digiri 90, a Big Daddy Nm 79 sannan digiri 90, daga tsakiya ana fita waje, a matakai. Irin waɗannan notoci miƙewa suke yi in an ɗaure, shi ya sa na fi son a sa sababbi. Bakaniken da ba shi da sifanar awon ɗauri, yana cewa hannunsa ya saba, kada ya haɗa maka wannan injin.

Tunda an buɗe, a canza sarƙar taimin da mai tura ta da robobin da take bi, a duba 'yar ƙaramar sarƙar da ke juya famfon mai, a duba haƙoran balansa da ke ƙasan kiranshaf, don wasu na roba ne kuma suna karyewa. A ciro 'yar matatar man VVT-i, na'urar da ke sauya taimin ɗin kamshaf, a wanke. Tazarar bawul a nan ba sukuru ake juyawa ba, kofunan da kamshaf ke dannawa ake canzawa. Iri 35 ne, daga kaurin milimita 5.06 zuwa 5.74. Tazarar bawul ɗin shigar iska milimita 0.19 zuwa 0.29 inji a sanyi, ta fitar hayaƙi ta fi ta faɗi kuma ta bambanta da shekara, a bi littafin motar. In an yi gurandin bawul tazara tana raguwa, wanda bai sake aunawa ba bawul ɗinsa ba zai rufe sosai ba, zai ƙone. Gam ɗin da ake shafa wa kaskon mai da murfin taimin kuma siririn zare ya isa. Wanda ya yi yawa yana tsinkewa ta ciki ya toshe rariyar famfon mai, sabon inji ya buga ana mamaki.

Wanda ya yi duk wannan, ya wanke nozul da na'urar auna iska da totur, ya sa fulogin asali irin Denso SK20R11, motarsa za ta dawo yadda ta fito daga kamfani. Da yawa a nan suke gane ba sa bukatar ƙari.

Yanzu shawarwarin da aka ba ka. Shafe tof: bari mu yi lissafi. Kowace silinda cc 590 ce, ɗakin ƙonewa kusan cc 67. In an ci rabin milimita, abin da zai ragu bai wuce cc 3 ba, matsi ya tashi daga 9.8 zuwa wajen 10.2. Ribar doki biyu ce ko uku. Asarar kuwa: tof ya matso kusa da kiranshaf, taimin ɗin kamshaf ya ɗan ja baya, bawul ya matso kusa da fistin, inji kuma ya ƙara saurin ƙwanƙwasa. Mu da fetur iri ɗaya ake sayar mana a yawancin gidajen mai, wani lokaci ma na 'yan bumburutu, ga zafin Afrilu sama da digiri 40, da zarar na'urar jin ƙwanƙwasa ta ji, birenbos, wato kwamfutar mota, zai ja wuta baya, dawakan nan biyu su tafi har da ƙari. A shafe tof ne kawai in ya lanƙwashe, a ci mafi ƙarancin da zai miƙar da shi.

Indomi, wato matatar hayaƙi, in injin ya daɗe yana ƙona mai akwai yiwuwar ta toshe, kuma toshewarta na iya zama rabin sanyin da kake ji: mota ta tashi lafiya, a kan titi ta ƙi wuce wani gudu. Gwajinsa mai sauƙi ne, a kwance na'urar da ke gaban matatar a ɗan zaga. In mota ta farfaɗo, an kama ɓarawo. Toshasshiya a canza ta. Lafiyayya kuwa fasa ta ba ya ƙara abin kirki, sai wari da fitilar cek. (Kuma kada ka manta cikinta kuɗi ne a kasuwa, ba kowane mai ba da wannan shawara ba ne don Allah yake yi.) Salansa mai faɗin inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi ta ishi injin da ba tabo. Wadda ta fi haka ƙara ce kawai, tana ma rage jan da kake bukata daga tsaye. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai kamar mazurari kuwa, in an bar ta cikin bonet, iska mai zafi take zuƙa, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta wuce matata ita ce sanfefa a kan sabon ringinka. Bar akwatin kamfani da matatar takarda mai kyau.

Ba ka ambata ba amma za a ce maka a cire tamostat a haɗa fanka dairek. Ƙi. Tamostat ɗin yana buɗewa ne a digiri 80 zuwa 84, kuma duk tazarar da muka auna a sama an tsara ta ne don wannan zafi. Injin da ke yawo a sanyi birenbos na ƙara masa fetur, fetur ɗin ya wanke mai daga bangon silinda. In mota na zafi, lagireto ne ko murfinsa ko famfon ruwa ko fanka. A sa ruwan sanyaya na gaske, ba ruwan rijiya ba, don alminiyam ba ya jure shi.

Ba tare da tabo ba, in aka haɗa manifol ɗin hayaƙi mai bututu huɗu, da salansa daidai, da gyaran hanyoyin iska a tof, da sake saitin birenbos, a wannan injin kada ka sa ran fiye da doki goma zuwa ashirin. Dogon tafiyar fistin gare shi, an yi shi ne don ja tun daga ƙasa, ba don kururuwa a sama ba. Kamshaf mai tsini zai kai ƙarfin can wajen juyi 6,000, inda giyar otomatik ba ta cika zama ba.

Ƙari na gaske sai an tura wa inji iska da ƙarfi. Matsin iskar duniya psi 14.7 ne a bakin teku. In tabo ya ƙara 7, ka ƙara kusan rabi ke nan, bayan an cire asarar zafi za ka tashi da doki wajen 220 zuwa 230. Ba sabon abu ba ne a wannan injin, sashen TRD na Toyota ya taɓa sayar da sufacaja, ɗan'uwan tabo, don motar Scion tC mai 2AZ-FE, wanda ya kai shi kusan doki 200. Amma tabon shi ne mafi arha a cikin aikin. In wannan hanya ka zaɓa, fistin na kamfani ba naka ba ne. Ana son wanda aka ƙera da dukan ƙarfe, mai matsi wajen 9.0, da kwanrod masu ƙarfi. Tazarar bakin ringi ita ce wurin da aka fi yin ɓarna. Ringin sama yana miƙewa da zafi, in bakunansa biyu suka haɗu ba inda za shi, sai ya ɓalle kan fistin. A faɗin 88.5, masu ƙera irin wannan fistin kan ba da kusan milimita 0.40 ga injin da ba tabo, 0.45 zuwa 0.50 ga mai tabo, ringi na biyu ya ɗan fi na sama. A saka kowane ringi a silindar da zai zauna, a daidaita shi da kan fistin, a auna da filagej, siraran ƙarafan awon tazara, a goge da fayil sannu-sannu, a bi takardar da ta zo da fistin.

Sai fetur. Doki 230 yana bukatar nozul masu cc 440 zuwa 550 a minti, da famfon tanki irin mai lita 255 a awa. Sai intakula a gaban lagireto don sanyaya iskar da tabo ya dafa, bututun kai mai zuwa tabo, da na dawowa wanda dole ya zama mai faɗi, ya gangara kai tsaye, ya shiga kaskon mai sama da inda mai ke tsayawa. In ya lanƙwashe, tabo zai riƙa hayaƙi a ce ya lalace. Fulogi a sauko mataki ɗaya zuwa mai sanyi, lamba 22 a na Denso, a rage baki daga milimita 1.1 zuwa 0.7 ko 0.8.

Duk wannan ƙarfe ne kawai in ba saiti. Birenbos na kamfani bai san tabo ba. Ana bukatar wanda ake iya rubuta wa sabon lissafi, da ma'aunin haɗin iska da fetur a gaban direba, da mutumin da ya iya aikin. A tafiya ta yau da kullum haɗin kashi 14.7 na iska ne ga kashi ɗaya na fetur, in tabo ya cika a ƙara fetur har ya sauko 11.5 zuwa 12, a kuma ja wuta baya gwargwadon fetur ɗin da kake sha a gari, ba na ƙasar da aka kwafo saitin ba. Haɗin da ya yi ƙarancin fetur ƙarƙashin tabo yana narka fistin cikin daƙiƙu. In ba ka da mai saiti da ka ga aikinsa da idonka, ka bar maganar tabo gaba ɗaya.

Giyarka ma tana da ra'ayi. In otomatik ce, U250E mai biyar, ba a yi ta don wannan nauyi ba, kuma shekarunta sun ja. Aƙalla a sa mata ƙaramin lagireto na man giya, a tsaya a psi 5 zuwa 7. Birki da tayoyi a gyara su kafin ranar gwaji. Ni a ganina, mai son doki sama da 200 a Muscle ya lissafa kuɗin duk abin da na jero ya kwatanta da cikon da zai yi ya sayi mai silinda shida. Injinta 2GR-FE doki 268 ne daga kamfani, da giyarsa da birenbos ɗinsa, kuma kowane bakanike zai iya taɓa ta.

Ko wace hanya ka bi, tashin farko iri ɗaya ne. A shafa man haɗi a metal da kamshaf. A zuba baƙin mai lita 4.3 da sabuwar filta. Littafin motar 0W-20 ko 5W-20 ya ce, a zafinmu 5W-30 mai kyau ya yi, amma ba 20W-50 ba, don mai kauri yana jinkirin isa VVT-i da tof da safe. A cire fulogi da fis ɗin famfon fetur, a juya inji da ki har fitilar mai ta ɗauke, sannan a mayar a tayar. Kada a bar shi yana silo awa biyu wai yana zama; matsin wuta ne ke danna ringi jikin bango, silo ba ya ba da shi, sai bango ya yi santsi ringi bai zauna ba. Da ya yi ɗumi, an duba ba yoyo, a fita titi: a taka matsakaici daga juyi 2,000 zuwa 4,000, a saki totur mota ta rage da kanta, a maimaita sau goma ko fiye. Kilomita 800 na farko ban da lodi mai nauyi, ban da tsayawa a gudu ɗaya na dogon lokaci, mai tabo kuma ban da cika shi. A nan a juye mai, a yanka tsohuwar filta a duba cikin takardarta. Ɗan ƙyalƙyali kamar gari ba komai. Ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe metal ne, a tsayar da mota a sauke kaskon mai.